Shuɗiyar Ƙofa

A Tromso rana ta yi ƙaura tun Nuwamba,
ko sallahu ba ta bari ba.
Ni Ingunn, direbar bas mai lamba ashirin da shida,
na ajiye mota ƙarfe biyun rana, gari kamar tsakar dare,
na hau bene da ƙanƙara a takalmi,
na zauna gaban takarda.

Shekara uku ina fama da labarin kakata.
Na rubuta: "Borghild mace ce mai haƙuri."
Na soke.
Na rubuta: "Ta sha wuya a zamaninta."
Shi ma na soke, har biro ya huda takarda.
Kalmomina sun yi layi kamar fasinja a sanyi,
kowa ya dunƙule a rigarsa, ba mai duban wani.
Rubutu ya zame mini bashi,
kullum ina biya, kullum yana nan.

Maƙwabcina Aslak, mai ɗinkin komar masunta,
ya leƙo aron gishiri, ya ga kwandon shara ya cika.
Ya ce, "Ke da kike tuƙi a duhu,
ai kina ganin kwana kafin ki kai ta.
Ajiye biron nan. Je ki gidan tukuna."
Ya ɗauki gishiri ya yi gaba.

Na rufe ido.
Da fari ba komai sai jan fitilar birki
da ƙeyar yaron da ya ƙi biyan kuɗin mota.
Na jira.
Can sai ga ƙofa.
Ashe shuɗiya ce, ni da nake rantsuwa koriya ce.
Fenti ya ɓare daidai inda gwiwa ke tura ta
in hannu na rungume da itace.
Na tura.

Ƙarnin busasshen kifi ya tare ni,
da kofin da ya gaji da zama a wuta.
Agogon bango na gaba da minti goma
don kada jirgin ruwa ya bar kakana.
Ga ta can, ta ba ni baya,
tana murza ƙullin dankali a kan katako,
furfura ta kubce ta bayan kunne.
Kyanwa ta miƙa dagi wajen man shanu.
Borghild ko juyowa ba ta yi ba,
ta lailayo wata ashariya ta maka mata,
irin wadda ko masunta sai sun waiga.

Na tuntsire da dariya ni kaɗai a ɗaki.
Mai haƙuri!
Ina na tsinto wannan?
A bakin fasto, ranar jana'iza.

Na buɗe ido, na rarumi biro,
da ashariyar na fara.
Hannu na gudu, ido ya riga shi.
In na cije, sai in sake rufe ido in koma:
me ke aljihun rigarta?
Ƙusa biyu. Alewa ɗaya da ta manne da zare.
Wasiƙa a ninke, ba kan sarki.
Wa ta rubuta wa?
Ban sani ba, wallahi,
kuma rashin sanin ne ya hana ni barci don daɗi.

Ban ce abin ya yi kyau ba.
Shafi huɗu ne, rabinsu kwando zai ci.
Amma da asuba, ina juya sitiyari a kan gada,
na ji ina ɗokin tashi aiki
kamar mai baƙo a gida.

Aslak bai dawo da gwangwanin gishiri ba,
na yafe masa.
Rana kuwa, an ce sai ƙarshen Janairu.
Ta sha zamanta.
Akwai wuta a murhun Borghild,
kuma ban buɗe wasiƙar ba tukuna.